A Riƙa Duba Aikin Gwamnati Tun Yana Gudana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon arziki ka ba mu fili a shafin wasiƙu, mu isar da magana ga gwamnatocin Jigawa da Kano da shugabannin ƙananan hukumominsu, a kan wata ɓaraka da ke zubar da dukiyar talaka ba a jin ƙararta, wato yadda ake auna ayyukan gwamnati a karkara.

A yadda aka saba, sau biyu hukuma ke leƙa aiki, ranar aza harsashi da ranar buɗewa. In aikin na masu ba da tallafi ne daga waje, akan ƙara da zuwan ƙwararru a ƙarshen wa'adi, su rubuta rahoto mai kauri da Turanci, a kai shi kanta a ajiye. Irin wannan rahoto, ko gaskiya zalla ya faɗa, ihu ne bayan hari. Taki ya riga ya zo a makare damina bayan damina, famfo ya riga ya mutu har an kwance hannunsa an kai wa 'yan gwangwan. Kiran da muke yi shi ne dubawa ta zama wani sashe na aikin kansa: a riƙa yin ta wata-wata, da ma'auni kaɗan, a hannun wanda ba shi ya yi aikin ba, kuma abin da aka gani ya isa gaban mai ikon sakin kuɗi kafin wani watan ya kama.

Ba sai mun je wata ƙasa aro ba. An yi wannan a ƙauyukanmu lokacin yaƙi da shan inna. Masu ɗigo suna bi gida-gida, duk yaron da aka ɗiga wa sai a shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsansa na hagu, a rubuta da alli a jikin bango ranar da aka zo, yara nawa aka samu, nawa suka rage. Kullum da yamma a zauna a mazaɓa da kuma sakatariyar ƙaramar hukuma, a faɗi unguwar da ba a shiga ba da gidan da aka ƙi, washegari a koma tare da mai unguwa ko liman. In an gama zagayen, sai wasu mutane daban, waɗanda babu hannunsu a ɗigon, su zaɓi ƙauyuka 6 a ƙaramar hukuma, su duba yara 10 a kowanne, 60 ke nan. Ba rijista suke tambaya ba, yatsa suke dubawa. In yaran da babu tawada a hannunsu ba su wuce 3 ba, ƙaramar hukumar ta ci. In sun kai 9, ta faɗi, sai a koma a cike giɓin. Daga baya har wayoyi aka ba ayarin masu ɗigo, masu nuna inda suka taka da inda suka tsallake. A Sumaila aka ga nau'in cutar na asali karo na ƙarshe a jihar Kano, cikin Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shi, ko da yake akwai wani nau'in da har yanzu ake fafatawa da shi.

Wani zai ce ai kuɗin waje ne ya yi wannan. Kuɗi ya taimaka, ba musu. Amma ba alli da tawada da zaman yamma ne suka ci kuɗin ba. Abin da ya yi aiki shi ne tsakanin ganin matsala da gyara ta kwana ɗaya ne, kuma mai ɗigo ya san wani na biye da sawunsa.

A daidai wannan lokaci, allurar rigakafi ta yau da kullum da ake yi a asibiti, wadda ba mai bin sawunta, tana can tana kyau a takarda. Da aka yi binciken ƙasa gida-gida a 2016 zuwa 2017, sai aka tarar kashi 33 cikin 100 kacal na yaran Najeriya ne suka samu allura ta uku ta rigakafin cututtuka biyar, a Jigawa ma ba su kai kashi 10 ba, alhali fom ɗin da asibitoci ke aikawa duk wata yana nuna adadin da ya yi wa wannan fintinkau. Shi ya sa a 2017 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafi, aka koma binciken gida-gida duk bayan wata uku. Ba wai malaman asibiti maƙaryata ba ne a halittarsu. An yanka wa malami adadin yaran da dole ya kai, ba a ba shi kuɗin man babur da zai zaga ƙauyuka ba, in ya rubuta gaskiya takardar tuhuma ce za ta biyo, in ya cika fom ba wanda zai tambaye shi. Duk tsarin da ke hukunta mai kawo labari mara daɗi, ƙarya zai girba. A hukunta wanda ya ɓoye matsala, a kai wa wanda ya faɗe ta ɗauki.

Mu ɗauki ruwan sha, tunda shi ne aikin da kowane ɗan majalisa da kowane ciyaman yake so a ga sunansa a jiki. Rahoton da ake kaiwa Dutse ko Kano yakan ce an haƙa burtsatse kaza a bana. Tambayar da ta dami yarinyar da ke tashi da asuba da jarka a ka daban ce: cikin duk waɗanda aka haƙa, na bana da na shekarun baya, nawa ne ke ba da ruwa yau?

Kafin a iya amsa wannan sai an yi ƙidaya. Kowane famfon tuƙa-tuƙa da kowace burtsatse mai sola a ba ta lamba, a rubuta da fenti a jikin dandamalin ko tankin, a shigar a littafi tare da sunan ƙauye, shekarar da aka haƙa, zurfinta, irin famfon da sunan ɗan kwangila. In babu lamba, famfo ɗaya sai a ɗauke shi hoto ta fuska uku a karɓi kuɗin uku, ko a shafa wa tsoho fenti a ce sabo ne.

Dubawa ta fara tun injin haƙa yana wurin. Ƙasar Kazaure da Dutse da Birnin Kudu da Gwaram, da mafi yawan jihar Kano, a kan dutse take. Ruwan yana cikin tsagar dutsen da ruɓaɓɓen samansa, don haka wanda ya kafa inji ba a yi awon ƙasa ba caca yake yi da kuɗin jama'a. Daga Gumel zuwa Maigatari, Hadeja da Birniwa kuwa yashi ne da laka hawa-hawa. A nan matsalar ita ce rairayi, wanda ke shiga in ba a saita bututu mai raga daidai inda ruwan yake ba, ko aka yi ƙwauron tsakuwar da ake zubawa a kewayensa. Rairayin nan shi ke cinye robar famfo cikin 'yan watanni, shi ke kashe sumo, wato injin da ake zurawa cikin burtsatse ya turo ruwa sama. Ranar da za a zura bututu, mai dubawa ya kasance a tsaye tare da mai unguwa da kwamitin ruwa na garin. A ƙirga bututun ɗaya bayan ɗaya, kowanne mita 3 ne, a zura igiya mai ƙarfe a baki a auna zurfin, a rubuta a sa hannu. Abin da igiya ta nuna shi za a biya, ba abin da ke cikin takardar kwangila ba. A tabbata an toshe bakin ramin da siminti don kada ƙazantar sama ta gangara, an yi wa dandamali magudana, kuma tsakanin rijiyar da masai ya kai mita 30.

Sai lokacin karɓar aiki. Burtsatsen da aka gwada a Oktoba, ƙasa tana ƙoshe da ruwan damina, kusan kowacce za ta ba da ruwa. Afrilu da Mayu su ne alƙalai, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa. Kashi 5 cikin 100 ɗin nan da aka saba riƙe wa ɗan kwangila, kada a sake shi sai rijiyar ta ƙetare bazara guda tana aiki.

Bayan an miƙa wa gari, gwajin wata-wata na famfon tuƙa-tuƙa ba ya bukatar injiniya. Bokiti mai cin lita 20 da agogon waya sun isa. A tuƙa har ruwa ya fara zuba, sannan a tara bokitin a yi bugu 40 cikakku cikin minti ɗaya. In an samu wajen lita 15 ko fiye, lafiya lau. In ya gaza lita 10, robar da ke ɗago ruwan ta cinye, a kira makaniki. Gwaji na biyu, a bar famfon ya huta rabin awa. In sai an yi bugu fiye da 5 kafin ruwa ya fito, akwai yoyo, ko a bawul ɗin ƙasa ko a mahaɗar bututu. Hannu yana rawa gefe da gefe, boris ya tafi. Sarƙa ta bushe tana ƙara, giris take so. Duk waɗannan ƙananan kaya ne da kwamitin ruwa zai iya saya daga kuɗin jarka. In aka bar su, rodi ya riƙa gogar bututu har ya huda shi, gyaran da gari zai iya ya koma wanda sai an jira kasafin kuɗin baɗi. Ta mai sola kuwa, a rubuta ƙarfe nawa tanki ke cika. In da yana cika da hantsi ya koma sai la'asar, a fara duba farantan, domin ƙurar hunturu takan lulluɓe su, wanki da ruwa da tsumma mai laushi ne maganinta. In an wanke bai canza ba, to ko waya ce, ko sumo, ko ruwan ƙasa ya ja baya.

Daga duk wannan, lamba biyu kawai ake bukata a gaban ciyaman duk wata: famfo nawa ke aiki cikin nawa, kuma kwana nawa ake yi tsakanin lalacewa da gyara. A ganinmu ƙaramin gyara bai kamata ya wuce kwana 3 ba, babba mako 2.

Haka batun masai. A Oktoban 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili, kuma abin alfahari ne. Amma masan da aka haƙa a ƙasar yashi yakan rufta da damina, ambaliya kuma takan shafe na bakin kogi. Shaidar da ba a komawa a duba bayan kowace damina ba za ta daɗe tana faɗar gaskiya ba.

A harkar noma, lokaci ne ma'auni na farko, kuma shi ne rahoto ya fi yin shiru a kansa. A ce an raba taki tirela kaza, ba a faɗi ranar da ya isa hannun manomi ba. Takin kamfa (NPK) ana sa shi ne da shuka ko cikin mako biyun farko, yuriya kuma mako 4 zuwa 6 bayan shuka. Takin da ya iso a ƙarshen Agusta, gero ya riga ya fitar da kai, takin kasuwa zai nufa, kuma ba laifin manomi ba ne. Alkamar rani ta fi tsanani. A Auyo da Hadeja da Kadawa, shukarta daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa tsakiyar Disamba, don ta yi girma cikin sanyi. Irin da aka raba a Janairu zai tarar da zafin Maris yana cikin ɗura ƙwaya, ƙwayar ta tsumbure, manomi ya ci bashin mai da na taki a banza. Saboda haka a rubuta ranar da kaya suka sauka a kowace mazaɓa, a gwada da ranar da ya kamata. In makon farko na Nuwamba ya wuce iri bai bar sito ba, ranar nan ya kamata kwamishina ya sani, ba bayan girbi ba.

Sauran gwaje-gwajen masu sauƙi ne. A ɗora buhu 10 daga kowace mota a kan sikeli, a ga ko kilo 50 ɗin ya cika. A ɗebi ƙwayar iri 100, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa, a ƙirga waɗanda suka tsiro bayan kwana 7. In sun gaza 80 kada a raba, a mayar wa mai kawowa. Tun shirin tallafin taki ta wayar salula na 2012, wanda aka riƙa ba manomi buhu biyu a rabin farashi, rijistar manoma ta saba ɗaukar lambar waya. To, a zaɓi suna 20 daga kowace mazaɓa ta hanyar ƙuri'a, a kira su a cikin makon rabon: ka karɓa? buhu nawa? nawa ka biya? wa ya nemi wani abu a hannunka? Lambar da ba ta shiga, ko sunan da dagaci bai san mai shi ba, a je ƙauyen. Sannan wani ya leƙa kasuwa, Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, ya ga ko buhuna masu tambarin gwamnati sun fito, da farashinsu.

Makaranta ba za mu daɗe a kanta ba. A je ba sanarwa, a ƙirga yara da ƙarfe 9, a sake ƙirgawa da ƙarfe 12, a gwada da rijista. A ga malamai nawa ke cikin aji, ba a gindin bishiya ba. A ɗauki yara 10 na aji uku a ba su gajeren sakin layi na Hausa su karanta. Shirin ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016 a kan naira 70 kowane yaro ya nuna abin da ke faruwa in farashin hatsi yana hawa kuɗin yana tsaye: abinci ya riƙa raguwa a kwano. Da ana auna kwanon ana rubuta ranar da aka biya masu dafawa, da ba a ɗauki shekaru kafin a gane ba.

Wa zai yi dubawar? Ba sashen da ya yi aikin ba, kuma ba a motar ɗan kwangila ba. Hanya mai araha ita ce musaya: ma'aikatan wannan ƙaramar hukuma su duba ta maƙwabta, a riƙa juya su don kada sabo ya shiga. Dole a samu mata a cikin ayarin, domin namiji a zaure yake tsayawa, alhali labarin ruwa da magani da abincin yara yana cikin gida. Ƙauyukan da za a je a fitar da su da ƙuri'a a gaban kowa, ranar tafiyar, in ba haka ba kullum garuruwan bakin kwalta za a riƙa zuwa. A sa rugage a cikin ƙuri'ar, da ƙauyukan fadamar Guri da Kirikasamma da sai da kwalekwale ake isa gare su a Satumba. Wurin da ya fi wuyar zuwa, nan aiki ya fi lalacewa. Kuma kada a sanar. Asibitin da aka gaya wa baƙi na tafe zai aro magani ya cika kanta, ya mayar bayan sun wuce.

A kuma rage takardu. Malamin asibiti guda a ƙauye, shi ne mai allura, shi ne mai karɓar haihuwa, ga rijistoci jibge kowane shiri da nasa. Duk layin da ba wanda ya taɓa yanke shawara da shi, a cire shi daga fom.

Inda irin wannan tsari ya fi mutuwa shi ne wurin zama. An tara bayanai, ba wanda ya yi komai da su, sai mai aikawa ya gaji ya fara kwafe na watan jiya. Zaman wata a ƙaramar hukuma kada ya wuce awa ɗaya da shafi ɗaya, ciyaman da ma'aji su zauna da kansu, ba wakili ba, tare da hakimi da shugabannin sassa. A fara da alkawuran watan da ya wuce, wanne aka cika, wanne ba a cika ba. Kowace sabuwar matsala a rubuta mata sunan mutum ɗaya da ranar da zai gama, ba kwamiti ba. A ajiye ɗan asusun gyara da za a iya taɓawa nan take, domin ganin matsala ba kuɗin magance ta ɓata wa kowa rai ne kawai. Abin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ya hau zuwa jiha, inda gwamna ko mataimakinsa zai zauna duk wata uku. A wannan zaman ne za a yi ƙarfin halin da ba a cika yi ba: shirin da aka auna sau huɗu a jere bai motsa ba, a sauya masa fasali ko a tsayar da shi, kuɗin ya koma inda ake ganin amfani.

Doka da ofisoshi ba su ne suka yi ƙaranci ba. Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar ƙasa ta sa ido da auna ayyuka a 2022. Jigawa tana da hukumar tantance kwangila da bibiyar ayyuka, Kano ma tana da masu irin wannan aiki, ga hukumomin ruwan karkara, ga hukumomin bunƙasa noma, JARDA ta Jigawa da KNARDA ta Kano, da malaman gonarsu. Sai dai ido ya fi karkata ga gini har zuwa ranar miƙa shi, bayan nan shiru. Kuɗin sa ido kuma shi ake fara yankewa in aljihu ya yi zafi, ko a bar shi a hannun masu tallafi, ranar da suka naɗe tabarma babura su tsaya. Yanzu da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa kuɗin ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, bukatar a san me kuɗin ya haifar a ƙauye ta ƙara girma.

Roƙonmu ga majalisun dokokin jihohin biyu, su ware wa dubawa layinta a kasafin kowane shiri, ko da kashi 1 ko 2 cikin 100 ne, a riƙa sakinsa tare da kuɗin aikin. Ga gwamnoni, ba sai an fara da ƙananan hukumomi 27 na Jigawa ko 44 na Kano gaba ɗaya ba. A ɗauki uku a kowace jiha, a fara da ruwa da taki, a yi ƙidayar famfo kafin bazara mai zuwa. Sakamakon kowane wata a manna shi da Hausa a ƙofar sakatariya da fadar dagaci, a karanta a rediyo, don mutanen gari su ce ƙarya ne in an rubuta famfonsu yana aiki alhali a kafe yake. Kai kuma, ranka ya daɗe, muna roƙon jaridarka ta nemi waɗannan alƙaluma daga ƙananan hukumomin duk wata uku ta buga su, tare da sunayen waɗanda suka ƙi bayarwa.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya, ruwa da aikin gona,
daga ƙasar Hadeja, Jihar Jigawa.